Motocin Kawu Nata'ala a Gaban Malam Babba

Shekara shida na yi a Indiya ina karatun injiniya, amma ban haɗu da wanda ya damu da tarihin gudun mota kamar ƙanin mahaifiyata ba, mutumin da ko babur bai taɓa tuƙawa ba. Sunansa Nata'ala, mu Kawu muke ce masa. Maƙerin gwangwani ne a Dutse, rumfarsa tana jingine da katangar gidan kakanninmu a gindin duwatsun Garu. Keke yake hawa, kuma in ya zo gangara sai ya sauka ya tura, wai birki aikin ɗan Adam ne.

Gidanmu gidan malamai ne. Da kakanmu ya rasu, makarantar ta koma hannun babban ɗansa, Malam Ubaidullahi, wanda duk unguwa ke kira Malam Babba. Shi ake nema daga Miga har Aujara in rabon gado ya rikice. Ummana, Hajiya Zaituna, ita ke bin sa, sai Kawu auta. Kawu ya sauke Alƙur'ani kamar kowa a gidan, aka tura shi Kano ya ƙaro karatu. Bayan shekara huɗu ya dawo da almakashin yankan kwano, da guduma biyu, da wata tsohuwar kalanda a naɗe cikin buhun siminti. An ce kakanmu ya daɗe yana kallon kayan, sannan ya nuna masa gefen katanga ya ce ya kafa rumfa a nan, muddin akwai amfani ko ilimi a abin da zai yi.

Amfanin bai taɓa zama abin gardama ba. Kawu yana ƙera mazurari, da murhun gawayi, da butar ban ruwan lambu, kuma indararonsa ya yi suna. Kafin damina manoma kan zo su ɗaure shi a bayan babur su tafi. Kalandar ce ta kawo magana.

Ta wani kamfanin man juye ce, kowane wata da hoton tsohuwar motar da ta taɓa zama mafi gudu a duniya, a ƙasan hoton kuma shekararta da gudunta. Kafin ta zo hannunsa, wani mai tsire da ke kusa da shagon ubangidan da ya koya masa ƙira a Kano ya riga ya naɗe wa mutane nama da wata bakwai. Saura biyar. Shekara talatin da biyar ke nan, amma in aka ambaci mai tsiren nan har yanzu Kawu yakan ajiye guduma.

"Ilimi guda bakwai, Talha," ya ce mini. "Da yaji da albasa."

Motocin biyar ɗin ya ƙera su da gwangwanin madara da na man gyaɗa, kowacce tsawon taƙi ɗaya da ɗan wani abu. Tayoyin marfin kwalba ne da ya cika da dalma ya goge, sandunan tayar kuma wayar ƙafar keke. Tun da Turancin da ke jikin kalandar bai dame shi ba, shi ya raɗa musu suna. Ta farko, ta shekarar 1898, mai kama da keken doki da aka kwance wa dokin, ita ce Dattijo. Kilomita sittin da uku ta yi a awa. Ta 1899 Gora ce, don kamar gora take a kwance kan tayoyi huɗu, ita ta fara haura ɗari. Sai Kwalekwale ta 1906 mai aiki da tururi, ɗari biyu da biyar. Sai Tarwaɗa, ja, mai faɗin kai, ta 1927, ɗari uku da ashirin da takwas. Sai autarsu Kibiya ta 1929, wadda ya yi wa fenti ruwan zinare, ɗari uku da saba'in da biyu. A cikin kowacce ya zana shekara da gudu da bakin ƙusa, cikin ajami. Babu direba a ko ɗaya, domin tun farko Malam Babba ya ce ba a ƙera mai rai a gidan nan. Ƙwallon dabino Kawu yake ɗorawa a kujerar.

Kwana biyu da dawowata na je gaishe shi. Bai tambaye ni abincin Indiya ba, bai tambaye ni ko na ga giwa ba.

"Injiniya, wace mota ce ta fara wuce kilomita ɗari?"

Na ce ban sani ba.

"Shekara shida," in ji shi, yana kallon rufin rumfa. "A jirgin sama aka kai ka fa."

Na ciro waya na bincika, da niyyar in kama shi da kuskure ko ɗaya. Ban samu ba. Lambobinsa duk daidai suke. Abin da kawai na iya ƙara masa shi ne cewa jikin Kwalekwale masu ƙera kwalekwale ne suka yi shi da gaske. Ya miƙe tsaye, ya zaga rumfar, ya dawo ya zauna. Ranar har shayi ya aika a sayo mini.

Sai ya nuna mini abin da ya ci masa shekaru. A bayan rumfar akwai indararo biyar jere, kowane kamu goma sha biyu, kawunansu a kan tsohon duro, ƙafafunsu a ƙasa. Yakan jera motocin a sama, ya tare su da sanda ɗaya, ya yi bisimilla ya ɗage. Kullum Kibiya ce ke fara isa, sai Tarwaɗa, sai Kwalekwale, sai Gora, can a baya Dattijo yana tafe yana ƙara kamar amalanke. Ba sa'a ba ce. Ya matse wa wannan taya, ya sassauta wa waccan, ya ɗiga mai a nan, ya goge a can, har sai da kowacce ta san matsayinta. Na ce masa ashe shi ke zaɓar wadda za ta ci.

"Ni? Ni mai kwafa ne. Yadda aka rubuta haka nake saukewa. Ka taɓa ganin mai kwafar littafi ya gyara wa mai littafi?"

A bazarar da na dawo ne maganar ajin mata ta taso. Ummana ce ke jagorantar matan aure da ke ɗaukar karatu a gidan, sun kai arba'in, suna cushe a wani ɗaki da ko taga mai kirki babu. Wani bawan Allah ya ba da bulo, aka sauke shi a ƙofar gida. Aka duba gabas aka duba yamma, babu filin da ya rage sai inda rumfar Kawu take. Malam Babba ya kira ƙanin nasa ya ce indararo ana iya ƙera shi a ko'ina, ga rumfuna a kasuwar Shuwarin. Kawu ya ce motocin fa, gangararsu da ƙasar wurin nan aka auna ta, kuma mahaifinsu ya ce amfani ko ilimi. Malam Babba, wanda a shekara talatin da biyar bai taɓa leƙa bayan rumfar ba, ya ce to, wasiyya ba a taka ta. Ranar Alhamis bayan la'asar zai zo ya gani da idonsa. In ilimi ne, rumfa ta zauna. In wasa ne, magina su fara ran Asabar. Ni kuma aka sa ni shaida, tun da ni ne na karanta inji.

Na ɗauka Kawu zai yi murna. Ranar Litinin na same shi zaune ya tasa motocin a gaba, ko wuta bai hura ba.

"Talha, ka lura da abin da yaran nan suke faɗa kuwa?"

"Me suke faɗa, Kawu?"

"Wa ke zuwa farko?"

"Kibiya."

"Ita wace ce a cikinsu?"

"Auta."

"Wa ke zuwa ƙarshe?"

Na dubi Dattijo.

"To ka gani. In tara mutane, in zaunar da Yaya Malam a kan buzu, ana tsakiyar maganar fili, in nuna masa auta ya wuce babban wa ya bar shi yana tari a baya. Kafin isha'i garin nan kaf za a ce Nata'ala ya yi shekara talatin yana ƙera habaici."

Na ce ai tarihi ne, ba shi ya tsara ba.

"Tarihi ba shi da yaya," in ji Kawu. "Ni ina da shi."

Washegari na tarar yana narka dalmar tsohon batirin mota a cokali. Ya zuba ta a cikin Dattijo har motar ta yi nauyin dutsen guga, ya sassauta mata tayoyi, ya shafa mai. Kibiya kuma ya liƙa wa sandunan tayarta ƙaro. Sauran ukun ya yi musu abin da ya dace da shekarunsu. Kafin azahar ya juya tarihin duniya: Dattijo na gaba, Gora na biye cikin ladabi, Kibiya na can ƙarshe tana jan ƙafa. Aikin da ya ɗauke shi shekaru ya rushe shi a wuni guda.

"Kawu, ni fa shaida ne."

"Shaida sai an tambaye shi yake magana. Ka zauna ka yi ta gyaɗa kai irin na masu digiri."

Akwai mutum ɗaya da dole aka sanar da shi, wato Alhaji Arzika, tsohon direban Dutse zuwa Kano. Ɗan gwaggonsu ne, don haka taubashinsu ne su ukun, kuma shi kaɗai ne a duniya ke iya yi wa Malam Babba tsiya ya kwana lafiya. Kullum da yamma yana rumfar, ya ga tseren nan ya fi sau dubu. Kawu ya roƙe shi kada ya nuna mamaki.

"Ni da na yi shekara ashirin da bakwai ina wuce shingen 'yan sanda da fuska ɗaya?" in ji Alhaji Arzika. "Bar mini wannan."

Ranar Alhamis aka share bayan rumfa, aka yayyafa ruwa. Malam Babba ya fito da carbinsa, aka shimfiɗa masa buzu. Dattawan unguwa uku suka zauna a benci. Ummana da matanta suka tsaya daga bakin zaure, inda suke ji kuma suke gani. Kawu ya sa rigarsa ta Juma'a tun ranar Alhamis.

Ya yi bayani a taƙaice, idonsa a ƙasa. Ya ce waɗannan motoci ne na gasar gudu da Turawa suka fara tun kafin su shigo Kano. Ya faɗi sunayensu daga babba zuwa ƙarami. Lambobin kuwa bai ambata ba. Ya jera su, ya yi bisimilla, ya ɗage sanda.

Dattijo ya gangaro kamar an jefo shi daga kan dutse, ya wuce ƙarshen indararo, ya daki ƙafar benci. Kibiya ta tsaya a tsakiyar hanya, sai da Kawu ya ɗan taɓa ta da yatsa.

"Allahu akbar!" Alhaji Arzika ya miƙe, hularsa a hannu. "Babba babba ne! Jama'a kun gani? Ko a ƙasar Turawa! Ko ƙarfe ya san na gaba da shi! Wallahi ban taɓa ganin haka ba!"

"Ba ka taɓa gani ba?" in ji Malam Babba. "Ba kullum kana nan ba?"

"Wato, ban taɓa ganin ya yi kyau kamar na yau ba."

"Arzika, tun muna yara in ka yi ƙarya kunnenka na hagu yake motsi. Miƙo mini motar nan."

Aka miƙa masa Dattijo. Ya auna nauyinta a tafin hannu, ya juya cikinta, ya matso da ita kusa da ido. Ya karanta a fili: sittin da uku. Ya ce a ba shi ta ƙarshen. Ya juya ta: ɗari uku da saba'in da biyu. Ya ajiye su gefe da gefe a kan buzu.

"Talha."

"Na'am, Malam."

"Wannan lamba mece ce?"

"Gudun da motar ta yi ne a awa ɗaya."

"A Indiya, sittin da uku tana riga ɗari uku da saba'in da biyu isa?"

Na dubi Kawu. Kawu yana duban wata tururuwa. Daga bakin zaure Umma ta ce, "Ka faɗi gaskiya, ɗan nan, ba a kai ka makaranta don ka zo ka yi ta haɗiyar yawu ba."

Na ce a'a, ba ta riga ta. Na ce a tarihi kowace mota ta zo ne ta wuce wadda ta gabace ta, kuma haka Kawu ya tsara su tun asali, sai shekaranjiya ya sauya.

"Don me?"

Kawu ya durƙusa. "Yaya Malam, na ga bai kamata ƙarami ya wuce babba a gabanka ba."

Ban taɓa ganin ran Malam Babba ya ɓaci haka ba. Bai ɗaga murya ba, carbin kawai ya ajiye.

"Wato ka samu riwaya ingantacciya, ka riƙe ta shekara talatin, sannan ka canza ta don ka faranta wa mai hukunci. A gidan nan. Da hannun da aka koya wa riƙe alƙalami. Ni ka mayar sarkin da ake yi wa kirari? Kuma har ka ɗauko wannan," ya nuna Alhaji Arzika da haɓa, "ya zama maroƙinka."

"Ni tafiyata ma zan yi," in ji Alhaji Arzika, bai kuwa motsa ba.

Malam Babba ya dubi Kawu. "Mayar da su yadda ka same su. Ina zaune."

Kawu ya ɗauko sukudireba ya ɓanɓare dalmar, ya wanke ƙaron da kananzir, ya matse nan ya sassauta can. Ya ɗauki kusan rabin awa. Da ya gama ya jera su, ya ɗage sanda a hankali kamar mai buɗe ƙofar ɗakin mara lafiya. Kibiya ta wuce kamar walƙiya. Tarwaɗa, Kwalekwale, Gora. Dattijo ya iso a ƙarshe da ƙararsa.

Dattawan benci suka sunkuyar da kai. Alhaji Arzika ya ce a hankali, amma yadda kowa zai ji, "Auta ya ci gida."

Malam Babba ko kallonsa bai yi ba. Idonsa na kan indararo.

"Su Turawan, wa ya shaida musu? Ko mutum ne zai shiga daji shi kaɗai ya dawo ya ce na yi ɗari uku?"

Na ce akwai masu riƙe agogo a farkon hanya da ƙarshenta. Na ƙara da cewa daga baya ma an kafa ƙa'ida sai mota ta je ta dawo, a haɗa gudun biyu a raba, don kada iska ko gangara ta taimaki wani.

"Shaida biyu ke nan," in ji Malam Babba. "Ashe suna da ɗan fiƙihu. Duka biyar ɗin an yi musu haka?"

Na ce biyun ƙarshe ne kawai, ukun farko tafiya ɗaya suka yi.

"To a riƙa faɗa wa mutane haka. Sake sakin su."

Aka sake. Ya ce a musanya musu indararo. Aka musanya, aka sake. Sai ya ce a tsaya, ya sa yatsa a ƙasa ya fara zane a cikin rairayi, irin zanen da yake yi in an kawo masa gadon mutum mai mata uku da 'ya'ya goma sha tara. Leɓɓansa suna motsi. Can ya ɗago.

"Nata'ala, kwafinka da saura."

"Yaya Malam?"

"Ka kiyaye jeri, ba ka kiyaye rabo ba. Sittin da uku a cikin ɗari uku da saba'in da biyu sudusi ne, kashi ɗaya cikin shida, da ɗan abin da ba a rasa ba. Lokacin da autar nan ta isa ƙasa, kamata ya yi tsohon nan yana kamu biyu daga sama. Ni kuwa na gan shi ya wuce rabi. Ka ba shi abin da ba hakkinsa ba. Gora rubu'i take da shi da ɗoriya. Mai tururin nan rabi da 'yar ƙari. Jar kuwa sumuni, kashi ɗaya cikin takwas, kawai za a cire mata." Ya juyo gare ni. "Ko ba haka ba, injiniya?"

Na lissafa a waya. Haka ne, har da ɗoriyar.

Kawu ya dubi zanen da ke cikin rairayi. Shekara talatin da biyar ana ce wa aikinsa wasan yara bai ji komai ba, yau an ce da kuskure a ciki, sai ga shi yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir.

"Za a iya gyarawa, Yaya Malam. Sai dai zai ɗau lokaci."

"Ba a hukunci a kan kwafi mai kuskure. Gyara, in dawo in duba."

Aka kira magariba. Malam Babba ya miƙe, aka naɗe buzu. Umma ta leƙo.

"Yaya Malam, magina fa? Ran Asabar aka ce musu."

"Zaituna, gaggawa daga Shaiɗan take."

"Bulon ma a ƙofar gida yake, awaki suna hawa."

"Su hau. Ba ci za su yi ba."

Alhamis ta gaba ya dawo duba gyara, da zare mai ƙulli goma sha biyu a aljihunsa. Dattijo ya sauko zuwa sulusi, bai kai sudusi ba. Ta gaba kuma Dattijo ya ƙi motsi gaba ɗaya, Alhaji Arzika ya ce a yi masa addu'a ya cika. Kafin damina ta kankama, Malam Babba ya daina jiran Alhamis. Da ya sallami ɗaliban safe sai ya zagayo, ya zauna a kan buzun da yanzu a rumfar yake kwana, ya ce a saki Gora ita kaɗai ya gani. Masu kawo rabon gado suka gane hanya, suka riƙa samunsa a can, suna bayanin gonaki da shanu cikin ƙarar guduma.

Umma ta ba su wata biyu cur. Ran nan ta aike ni in gaya wa Malam Babba cewa tun da babban zaurensa ba kowa a ciki daga hantsi har la'asar, mata za su riƙa karatu a nan kafin a gama bincike. Na same shi durƙushe a gefen indararo, ya danne zare da babban yatsa, ido ɗaya a rufe. Na isar da saƙo.

"To, to," ya ce. "Nata'ala, saki."

Umma ta ce in maimaita mata abin da ya faɗa a gaban mata biyu. Na maimaita. Ran Asabar magina suka zo, suka fasa bangon zauren ta gabas, suka ƙara masa tsawo da bulon nan, suka fitar da taga uku. Malam Babba bai ga aikin ba sai da gini ya kai linta, wato saman tagogi. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce tagogin sun yi ƙasa, ya wuce rumfa.

Yanzu shekara biyu ke nan. Mata sun haura sittin a zauren, har allon bango sun sa. Rumfar Kawu tana nan inda take, sai dai ya ce bai san ko riba ya ci ba. Da can in ya ga dama ya yi barcin rana a kan benci. Yanzu yana da mai duba aiki wanda ba ya gajiya, ba ya karɓar uzuri, kuma ba a yi masa musu. Kwanan baya ma Malam Babba ya sa ni in nemo sauran motoci bakwai ɗin da mai tsire ya salwantar, ya ce littafi ba ya zama da giɓi. Na samo hotuna na buga musu a takarda, suka yi kwana uku suna gardamar wacce ce ta watan Maris.

Hukunci dai har yau ba a yanke ba. Dattijo ya zauna daram a kan sudusi, Gora da Tarwaɗa sun karɓi rabonsu. Kwalekwale ce kullum take wuce ƙullinta da faɗin yatsa biyu. Wata shida ana fama da ita. Ran nan da Malam Babba ya tafi alwala, na ɗauke ta na juya, na ga matsalar a fili take, ɗan matsi kaɗan tayar baya take so. Na nuna wa Kawu.

Ya karɓe ta daga hannuna ya mayar kan duro.

"Na sani tun kafin azumi."

"To me ya hana ka gyarawa?"

"In ta daidaita, kwafi ya cika. In kwafi ya cika, sai hukunci. Ka san abin da zai yanke?"

"Ai an riga an gina aji, Kawu."

"Aji daban, hukunci daban. In ya ce wasa ne fa? Da bakinsa?"

Na ce ina ganin Malam Babba da ya gano sudusi a cikin rairayi ba zai kasa gano taya ɗaya ba.

"Shi ma ya sani," in ji Kawu. "Ranar Talata na gan shi ya taɓa ta da yatsa, ya dube ni, ya ce wataƙila iska ce."